Mai Tauna Tuwo

A bayan unguwarmu ta Limawa akwai masu fasa dutse. Da hantsi, in iska ta juyo ta wajenmu, sai ka riƙa jin gudumarsu daga can cikin duwatsu, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Maƙwabtana sun daɗe da daina jin ta. Ni kuwa duk ranar da ta shigo mini sai na ji haƙorana sun mutu kamar na sha ɗanyar tsamiya, harshena ya kama yawo a baki yana neman abin da babu. Shekarata arba'in da 'yan kai, 'ya'yana huɗu, amma har yau ƙarar dutse a baki nake jin ta. Bari in gaya maka dalili, ko da yake ni kaina ban gama gane shi ba.

A wani ƙauye na tashi, tsakanin Jahun da Dutse, gidan manoma mai rumbu uku da garken awaki. Ni ce 'yar fari a wurin iyayena, kuma sunan Kaka, mahaifiyar Baba, aka maida mini. Ka ga kuwa Inna ta haɗu da kunya biyu a kaina, ga ta 'yar fari, ga ta sunan suruka. Ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana son in miƙo mata abu, sai ta dubi bango ta ce a miƙo mata ludayi. In na faɗi na fasa gwiwa, sai ta ci gaba da tsintar wakenta kamar ɗan maƙwabta ne ya faɗi, Kaka ce za ta taso tana salati. Tun da aka yaye ni aka kai ni ɗakin Kaka, tabarmarmu ɗaya, akushinmu ɗaya. Takwara take ce mini, kuma duk gidan ba mai ikon ɗaga mini hannu sai ita.

To, ka san dai yadda ake cin tuwo. A gutsuro loma, a mulmula ta da yatsu, a dangwali miya, a jefa baki, ta wuce. Haƙori ba shi da aiki a wurin. Ni ban taɓa iya wannan ba. Da loma ta shiga bakina sai harshena ya tare ta, ya juya ta dama, ya juya ta hagu, ya danna ta a ganɗa, sannan ya miƙa wa haƙora. Sai na tauna ta lilis kafin maƙogwarona ya yarda ya buɗe. In na gwada jefa ta yadda kowa yake yi, sai ta tsaya a hanya, idona ya kawo ruwa, in dawo da ita. Haka nake da komai. Ni ce mai zaro silin gashi ɗaya daga cikin fura, ni ce mai kurɓar ruwan randa in ce yau ba a rijiyar masallaci aka ɗebo ba.

Da fari abin dariya ne. Yaran gida su zauna kusa da ni suna kwaikwayon akuya tana tuƙa. Baba ya ce wannan yarinya ko ruwa aka ba ta sai ta tauna. Kaka ce mai tare mini. Ita bakinta fayau yake, ko haƙori ɗaya babu, sai dasashi, goronta ma a magogi take gogewa. Takan ce a bar mata takwararta, ai na mutum biyu take taunawa.

Yanzu sai in kawo ka wurin dutsen niƙan Kaka. Yana ƙarƙashin rumfa a ƙofar ɗakinta, baƙi-baƙi, tsakiyarsa ta lotsa saboda shekaru. Ta ce daga duwatsun Dutse aka ɗauko shi a kan jaki tun kafin a haifi Baba. A lokacin da nake ba ka labari injin niƙa ya riga ya zo garin da muke cin kasuwa, gidaje da yawa sun kife duwatsunsu. Kaka ta ƙi. Ta ce garin inji warin baƙin mai yake, kuma tuwonsa ba ya danƙo. Gaskiyar magana kuwa, niƙan nan shi ne abin da ya rage mata. Gona ta fi ƙarfinta, rijiya ta yi mata nisa, yanar ido ta fara rufe mata gani, girki kuma ya koma hannun Inna. Amma in Inna ta surfa dawa ta wanke ta shanya, Kaka za ta durƙusa a gaban dutse tun hantsi har azahar, tana turawa tana jawowa, gari yana zubowa a faifai. In aka sauke tuwo Baba ya ce an gode Allah, sai ta gyara zama, don ta san da hannunta a ciki. Ranar kasuwa kaɗai Inna take ba Baba dawa ya kai inji, wai don tsohuwa ta huta. Kaka ta ci tuwon tana mita.

Dutsen niƙa in ya yi sulɓi ba ya cin hatsi, sai an koɗa shi, wato a bubbuge fuskarsa da makoɗi har ta yi kaushi. Da can akwai wani tsoho da yake zagayowa ƙauyuka da rani yana wannan aiki. Da inji ya zo sai muka daina ganinsa. Kaka ta ce ba za ta jira kowa ba, ta nemo makoɗi ta fara yi da kanta, da lalube, tana bugawa tana shafawa da tafin hannu. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ni ce mai zama a gefenta ina kora kaji, kuma a lokacin ƙarar tana yi mini daɗi.

A shekarar nan na fara famfara. Haƙorana biyu na gaba suka fita, harshena ya tare a giɓin, ko barci nake yana nan. Wata rana da damina, an yi tuwon dawa miyar karkashi, na kai loma na tauna, sai na ji ƙaras. Wani abu ne ɗan mitsitsi, ya ratsa haƙorin ƙasa ya hau har cikin kunnena, tsigar jikina ta tashi. Na sake taunawa, na sake ji. Harshena ya bi ya tattaro su, ba ɗaya ba ne, ba biyu ba ne, suna nan ko'ina cikin lomar. Maƙogwarona ya rufe ruf. Na zauna da tuwo a kumatu, na kasa gaba na kasa baya.

Kaka ta ce me ya faru. Na ce akwai abu a ciki. Ta ce wane abu? Na ce abu. Ka tuna shekarata shida ko bakwai, kuma abin ba ya ganuwa. Na tofo a hannu, aka kawo shi haske aka duba, tuwo ne kawai da miya. Kaka ta gutsuri loma ta jefa, ta ce lafiya lau. Aka aika wa Baba a zaure, ya ce shi har ya kusa cinye malmalarsa, bai ji komai ba. Gida guda, mutum goma sha wani abu, kowa ya haɗiya ya sha ruwa ya yi hamdala, ni kaɗai ce da kumatu a kumbure.

Daga ranar nan tuwo ya zama mini abin tsoro. Na koyi dabara: in cika kunci ɗaya, in cika ɗayan, in ce zan je bayan gida, in zagaya bayan rumbu in zubar wa kaji. Kajin Kaka suka yi ƙiba a daminar nan, ni kuwa wuyana ya zama kamar mariƙin lema. Da safe akwai ɗumame, shi ma tuwon jiya ne. Kunun da ake damawa ma daga garin nan ne, in na kai ƙarshen kofi sai in ji su kwance a harshena. Abin da ya riƙe ni shi ne fura, don ita a turmi ake dakawa, sai ɗan rogo da gyaɗa in an samu.

Ni a raina na riga na gano abin da yake faruwa, kuma ban gaya wa kowa ba. Haƙorana ne suke marmashewa. Ai biyu sun riga sun fita, na uku yana girgiɗi. Na yanke cewa in na ci gaba da tauna tuwo, za su ƙare ɗaya bayan ɗaya in koma irin Kaka, tunda dai sunanmu ɗaya. Kullum da safe sai na bi su da harshe ina ƙirgawa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, me ya sa ba sa marmashewa a kan gyaɗa, wadda ta fi tuwo tauri? Na yi ta juya wannan a kaina har na gaji, ban samo amsa ba.

Manya ma kowa da tasa. Baba ya ce sangarta ce, Kaka ta lalata ni, a bar ni da yunwa zan ci. Aka bar ni, ban ci ba. Malamin da muke karatun allo a wurinsa ya yi rubutu aka wanke na sha kwana bakwai, kuma na sha da daɗin rai, don ruwan rubutu ba komai a cikinsa sai ɗan ɗacin tawada. Sai Gwaggo, yayar Baba, ta zo daga Garki ganin gida. Mace ce mai sa ido, kwana goma ta yi tana kallona, sai ta tara mutane ta ce ta gano wani abu: yarinyar nan ranar kasuwa tana cin tuwo har ta suɗe akushi. Aka tuna, aka ga haka ne. Wallahi da a nan aka ɗan tsaya, da an huta. Amma Gwaggo ta ce ai magana ta fito, iska ce take riƙe mata wuya, ranar kasuwa kuma iskar takan tafi cin kasuwa. Aka yi mini turare har idona ya yi ja. Ni ma na yarda da ita, don ni kaina ban san me ya sa ranar kasuwa haƙorana suke hutawa ba.

Da turare bai yi ba, Gwaggo ta ce a yi mini ɗura irin ta jarirai. Ta matse ni tsakanin cinyoyinta, ta tara tafin hannu a bakina ta zuba kunu, ta toshe mini hanci. Na haɗiya don neman numfashi, na shaƙe, ya fito ta hanci, na yi ta tari har na amayar a zanenta. Inna tana bakin madafa tana tankaɗe. Ba ta ɗago ba, amma na ga rariyar ta tsaya a hannunta.

Kaka ce ta ce a kira wanzami. Ba don mugunta ba, ita ce ta fi kowa shiga damuwa. Takan shafa haƙarƙarina ta ce takwara za ki mutu ki bar ni da suna ni kaɗai. Wanzamin gidanmu ne, shi ya cire mini beli ina jaririya. Ya zo da zabirarsa, ya sa na buɗe baki a rana, ya danne harshena da wani ɗan itace mai ɗanɗanon toka. Ya ce beli ya sake tsirowa, shi yake tare loma. Ya ɗaga harshen ya leƙa ƙasa, ya ce ga linzami ma, shi ya sa harshen ba ya iya tura abinci baya, sai dai ya yi ta turo shi gaba cikin giɓi. Zai cire wancan, ya ɗan tsaga wannan. Ya ce a ba ni kwana uku in ɗan yi ƙarfi, zai dawo da sassafe.

Na san abin da ake nufi. Na taɓa ganin an yi wa wata yarinya a maƙwabta, na ga jinin da ta tofar a ƙasa aka rufe da toka. Kwana ukun nan ban yi wasa ba. Ina zaune ina lasar ƙasan harshena, ina neman linzamin nan da aka ce ina da shi. Wani lokaci in ji kamar na same shi, wani lokaci in ji ba komai. Har na fara fatan wanzami ya yi gaskiya, a yanke a huta, in zama kamar kowa.

A yammacin ranar da wanzami ya zo dubawa, na zagaya bayan rumbu da kumatuna cike, sai na tarar da Inna a can. Tana tsugune, ta juya wa gida baya, da 'yar loma a hannunta. Ta kai baki. Ba ta jefa ba, sai na ga muƙamuƙinta yana motsi. Babbar mace, matar aure, tana tauna tuwo a ɓoye kamar mai satar nama. Daga inda nake tsaye na ji ƙaras ɗin. Ta runtse ido, ta dafe kunci. Sannan ta waiwayo ta gan ni, kuma ranar ce ta farko da na tuna Inna ta dube ni ido cikin ido. Ta tofar, ta share baki da gefen zane, ta wuce. Ni kuwa sai tsoro ya ƙaru mini, don na ɗauka na shafa mata cutar, ita ma haƙoranta sun fara.

Abin da ya biyo baya sai da na girma na fahimce shi. Shekaru bayan rasuwar Kaka, na je gida wankan haihuwar fari, Inna tana gasa mini jiki, a nan ma tana kallon bango, ta ba ni labarin. Ta ce a lomar nan ɗaya ta gane komai. Tsohon nan mai koɗa dutse, in ya gama, yakan wanke dutsen ya sa a niƙa dusa sau biyu a zubar kafin a ɗora hatsi. Kaka ba ta gani sosai, tana bugawa da ƙarfi, kusan kowane mako, ta share da hannu ta ɗora dawa a kai. Garin dutse muke ci tun farkon damina. Rariya ba ta tare shi, masu haɗiya kuma ba sa jin sa.

Na ce to Inna me ya hana ki faɗa a ranar? Ta ce in faɗa wa wa? In ce wa uwar mijina garinki da tsakuwa, ke ce kike kashe jikarki da yunwa? Kuma a kan wa zan buɗe baki, a kan 'yar fari? Ta ce ko Baba ba ta iya gaya wa ba, don in ya sani dole ya je ya tari mahaifiyarsa, ya zama ita ta haɗa su. Ta kwana biyu tana neman hanyar da Kaka za ta gano da kanta.

Dabarar da ta yi ita ce, ta ɗebi gari ta dama da ruwa mai yawa a ƙwarya, ta riƙa juyawa tana tsiyayewa a hankali, yadda ake rege shinkafa, har gari ya tafi, abin da ya fi nauyi ya kwanta a ƙasa. Ta ajiye ƙwaryar a ƙofar ɗakin Kaka da sassafe. Ni na ga ƙwaryar da idona. Kaka ta fito alwala ta yi tuntuɓe da ita, ta yi faɗa a kan ƙazantar matan zamani da ba sa wanke ƙwarya, ta watsar da ruwan. Washegari Inna ta sake ajiyewa. Akuya ta riga Kaka fitowa.

Rana ta uku wanzami ya yi sallama tun rana ba ta yi zafi ba. Aka shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin rumfa, dab da dutsen. Kaka ta zauna ta miƙe ƙafa, ta ɗora ni a cinyarta, ta rungume hannuwana ta baya. Gwaggo ta riƙe kaina. Aka kawo toka a kasko da ruwan ɗumi. Baba ya fita zaure, ya ce ba zai iya kallo ba. Wanzami ya buɗe zabira ya zaro wata 'yar aska mai lanƙwasa a baki, ya goga ta a tafin hannu. Ina jin bugun zuciyar Kaka a bayana, ya fi nawa sauri. Ya ce in buɗe baki, na buɗe, ɗan itacen nan mai ɗanɗanon toka ya sauka a harshena.

Sai ga Inna ta fito daga madafa da ƙwarya a hannu biyu. A al'ada ko kusa da wurin bai kamata ta zo ba. Ta ratsa ta gaban wanzami, ta durƙusa a gefen Kaka, kanta a ƙasa. Gwaggo ta ce ke lafiya? Inna ta kamo hannun Kaka na dama, hannun da yake riƙe da ni, ta ɓamɓare shi daga jikina. Matar da ko inuwar Kaka ba ta takawa. Ta tsoma yatsan Kaka a gindin ƙwaryar ta goga shi a ƙasa.

Ta ce, "Iya, a ɗan taɓa a harshe."

Kaka ta murza yatsunta biyu. Ta kai baki. Ina jingine da ƙirjinta, ina jin dasashinta yana gogar juna a saman kaina. Ta daɗe a haka. Sannan ta miƙa hannu gefe ta shafa fuskar dutsenta, ta sake kai yatsan baki. Wanzami yana tsaye da aska, ni bakina a buɗe har yawu yana zuba, don ba wanda ya ce in rufe.

Kaka ta ce, "Mayar da askarka. A auna masa dawa, ya sha hanya."

Gwaggo ta fara cewa ai an riga an sa rana, Kaka ta ce ta ce a mayar. Wanzami ya naɗe zabirarsa yana cewa shi dai ya ga beli. Inna ta tashi da ƙwaryarta ta koma madafa kamar ba ita ba. Ni aka sauke ni daga cinya aka ce in je in yi wasa. Ba wanda ya yi mini bayanin komai. Na tsaya a tsakar gida ina taɓa harshena, ban sani ba ko an fasa ne, ko an ɗaga, ko kuwa an yi ban ji ba.

Da la'asar Kaka ta kira Baba ta ce ya kife dutsen. Ya ce Iya ai wankewa kawai za a yi, a nemo mai koɗa na gaske. Ta ce kafaɗarta ce take ciwo, ta gaji. Ya kife. Daga ranar kullum sai inji, ni kuma na koma cin tuwo, ina taunawa kamar da, haƙorana suka daina marmashewa. Gwaggo ta koma Garki tana gaya wa mutane iskar ta ga aska ta gudu. Malam ya ce rubutu ne ya yi aiki a hankali. Baba, wanda ya yi watanni yana kukan ciwon ciki yana shan jiƙo, ya warke bai san dalili ba.

Amma Kaka ta sauya. Da hantsi takan fito ta zauna a kan kifaffen dutsen, hannuwanta a cinya, tafukan a sama. Ba ta mita a kan garin inji kuma, wannan ya fi komai tayar mini da hankali. In Baba ya ce an gode Allah bayan tuwo, ba ta gyara zama. Ni na san dai ni ce sanadi, amma ban san ta yaya ba. Na ɗauka fushi take da ni don na ƙi tuwonta na ci na inji. Wata rana na je na durƙusa a gabanta ina kuka, na ce ta sa a buɗe dutsen, wallahi zan koyi haɗiya, ba zan ƙara taunawa ba. Har na ɗauko ɗumame na jefa loma a gabanta don ta gani, ta tsaya mini a wuya, na yi ta kakari.

Ta bubbuga bayana har ta fito. Ta ce, "Kar ki koya, takwara. Duk gidan nan ke kaɗai ce mai baki, mu sai maƙogwaro."

Ban gane ba, na ɗauka zagi ne. Amma tun daga ranar, in aka ajiye mana akushi, ba ta sa hannu sai ta gutsuro lomar fari ta ba ni, ta ce in tauna in gaya mata. In na ce babu komai, sai ta yi bisimilla. Haka muka yi shekara biyu har ta rasu. Har yau ina tambayar kaina, da Inna ta yi shiru an tsaga harshena, da Kaka ta ƙarasa kwanakinta a gaban dutsenta tana ganin tana da amfani? Da na iya haɗiya kamar 'ya'yan mutane, da ba wanda ya rasa komai? Nakan ce ai dutse muke ci, dole a daina. Sai kuma in tuna tafukan hannun nan a sama, lissafin ya sake rikice mini.

Yanzu a Dutse nake aure. Ba mai dutsen niƙa a layinmu, inji yana bakin titi, wani lokacin ma garin leda muke saya. Yara ba su san makoɗi ba, in suka ji ƙarar masu fasa dutse sun san tifa ce za ta zo ɗiba. Ni ma na daɗe da koyon haɗiya. A gidan miji na koya, don kunyar dangi, ina jefa loma ta wuce kamar kowa.

Autata shekararta biyar. Makon jiya na ajiye mata tuwon masara, na juya ina wanke-wanke, da na waiwayo sai na gan ta zaune shiru, kunci ɗaya a kumbure. Kwana huɗu ke nan tana haka. Mahaifinta ya ce sangarta ce, maƙwabciyata ta ce a duba mata wuya. Raina ya ɓaci, na ɗaga hannu na ce haɗiye ko in ci mutuncinki. Ta ɗago ido ya kawo ruwa, ta ce, "Umma, akwai abu a ciki."

Hannuna ya sauko da kansa. Na zauna a ƙasa kusa da ita, na gutsuri loma daga kwanonta, na tauna. Na juya ta dama, na juya ta hagu, na danna a ganɗa, na tauna har ta zama ruwa. Ban ji komai ba. Na sake gutsura, na rufe ido, ban ji komai ba. Ni da nake zaro silin gashi daga fura. Ban sani ba ko babu ne, ko kuwa bakina ne ya zama irin na sauran gidanmu.

Na ɗauko roba, na dama garin da ruwa mai yawa, na tsiyaye a hankali yadda Inna ta yi. Wani abu ya kwanta a ƙasa, siriri, ban iya cewa ko ƙasa ce, ko ƙarfen inji, ko tsakin masara kawai. Na goga yatsa na kai harshe, na tsaya ina jira, shiru. Sai na ɗauke kwanon tuwon daga gabanta, na miƙa mata robar.

Na ce, "Tofar da na bakinki. Taɓa wannan ki gaya mini."